Hasken arewa: abin da kyamara ta ɗauko da abin da ido ya gani

Ɗalibar Tromso:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Shawarar manya nake nema. Ina karatu a Tromso, arewacin Norwe, kuma tunda duhun dare ya dawo cikin Satumba hasken arewa, wato hasken nan mai launi da ke bayyana a sama da dare a ƙasashen can arewa, ya fara fitowa. Burina in ɗauki hotonsa da hannuna, in daina tura wa mutane na wasu. Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: ƙaramar Canon ta masu koyo, da lensin da ta zo da shi mai 18-55, sai waya. Abin da nake samu kore ne kawai ya bazu a sama, ba siffa ba tsari, taurari kuma sun kumbura sun zama ƙwallaye. Ta ina zan fara gyara? Tambaya ta biyu ma ta fi damuna. Wani ɗan ajinmu ya ce duk hotunan nan da ake yawo da su ƙarya ce, wai ido ba ya ganin launukan, kyamara ce ke ƙirƙiro su. Da gaske ne?

Baba Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam 'yata. Kyamararki ta isa, kada wani ya tura ki sayen sabuwa tukuna. Matsalarki biyu ce, kuma kin faɗe su da bakinki.

Taurarin da suka kumbura, fokas ne. Cikin duhu kyamara ba ta samun abin da za ta kama ta saita kanta, sai ta yi ta kai-komo ta tsaya inda ta ga dama. Ki tura maɓallin da ke jikin lensin daga AF zuwa MF, wato daga saitin kai-da-kai zuwa na hannu. Ki nemi tauraro mafi haske, ko wata fitila can nesa a ƙetaren ruwa, ki kawo shi tsakiyar allo, ki zuƙo shi sau 10, sannan ki riƙa juya zoben gaba a hankali har ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Da ya tsuke, ki liƙe zoben da salatif kada hannu ya goce da shi. Bayan wani lokaci ki sake dubawa, don sanyi kan sa gilashi da ƙarfe su ɗan motsa.

Koren da ya bazu kuwa, shata ce, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga, ta daɗe a buɗe. Hasken nan ba a tsaye yake ba, tafiya yake yi. In kika bar shata sakan 30, duk inda ya bi cikin wannan lokacin sai ya shafe ya haɗe wuri guda. Ki koma M, inda ke za ki saita komai da hannu. Lensi a 18, ƙofar haske a buɗe iyakarta, wato f/3.5 a irin naki, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 3200, shata sakan 8. Mafari ne kawai wannan. In hasken ya yi ƙarfi ya fara rawa, ki sauko sakan 2 ko 3, ko da za ki ɗaga ISO zuwa 6400. In yana kwance shiru a arewa, ki hau 10 zuwa 15. Kada ki wuce 15 da wannan lensin, daga nan juyawar duniya za ta fara ja wa taurari jela.

Duk wannan sai kyamara na zaune kan ƙafa-uku. In babu, jaka a kan dutse ma tana yi. Ki sa jinkirin sakan 2 don kada dannawa ta girgiza ta, ki kashe maɓallin IS na hana rawar hannu, ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Tambayarki ta biyu na bar wa wasu su fara.

Ɗan Sikotilan:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, bari in amsa ta biyun. Ƙanwata, ɗan ajinku bai yi ƙarya ba. Na tara kuɗi na je Aislan saboda hotunan da nake gani a Instagram. Aka kwashe mu a bas cikin dare, aka sauke mu a wani fili, jagoran ya nuna sama ya ce ga shi can. Wallahi abin da na gani wani zane ne toka-toka, da ni kaɗai ne da na ce siririn gajimare ne. Sai ya ɗauka da kyamararsa ya nuna mana, kore shar. Mutane suka taru suna ta murna, amma allon suke kallo ba sama ba. Ni a wurina yaudara ce. In mutum ya nuna mini abin da idonsa bai gani ba ya ce ga abin da na gani jiya, me za a kira wannan?

Anti Likita:
Sannu ƙanena, haushinka yana kan hanya. Amma launin yana can sama, idonka ne bai kai gare shi ba. A bayan ido akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Iri ɗaya, wajen miliyan 6, su ke rarrabe launi, sai dai ba sa aiki sai haske ya wadata. Ɗaya irin sun haura miliyan 90, su ne ma'aikatan dare. Haske komai ƙanƙantarsa suna jinsa, amma ba su san launi ba. Shi ya sa a farin wata za ka ga ganye da jar mota duk sun koma toka-toka, kuma ba wanda zai ce ganyen ya daina zama kore. Ja ya fi kowane launi wahala, don ƙwayoyin dare kusan ba sa jinsa sam.

Sannan ido ba ya tara haske. Abin da ya shigo cikin ɗan ƙiftawa shi yake miƙa wa ƙwaƙwalwa, ita kuwa kyamara tana zaune sakan 8 tana tarawa.

Akwai kuma abin da ya ƙara cutar ku a filin nan. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai. Kun sauko daga bas mai fitila, kowa na riƙe da waya, ga jagora yana haska muku allo. Duk leƙawa ɗaya tana mayar da ido baya. Ba a ba idonku damar ya gwada ba ma.

Injiniyan Alberta:
Na goyi bayan Anti. Launin ba ƙirƙirar kyamara ba ne, ana auna shi da na'ura. Rana na feso ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki ba tsayawa, gudunsu a rana ta yau da kullum wajen kilomita 400 a sakan. Maganaɗisun duniya na tare su, amma ƙarfin da suka zo da shi kan taru a ɓangaren dare na duniya, in ya yi yawa sai ya saki, ya harbo ƙwayoyin lantarki su gangaro ta kewayen ƙuryar arewa da ta kudu. In suka daki iskar oksijin a tsayin kilomita 100 zuwa 150, sai ta ba da kore. Tsawon zangon wannan koren nanomita 557.7 ne, ba ya canzawa ko a ina. Ita dai oksijin ɗin, sama da kilomita 200, ja take bayarwa, nanomita 630.

Dalilin rabuwar ya burge ni tun ranar da na fahimce shi. Ƙwayar oksijin ba ta kai sakan ɗaya ba take sakin kore, amma ja sai ta riƙe shi kusan minti 2. A ƙasa inda iska ke da kauri, kafin lokacin ya cika wata ƙwayar ta buge ta ta ƙwace ƙarfin, jan bai samu fitowa ba. Can sama inda iska ta yi shara-shara ba mai taɓa ta. Saboda haka ja kullum a saman labulen yake. Shunayya da ruwan hoda da ake gani a gindinsa kuwa aikin naitirojin ne.

Ku tuna daren 10 ga Mayu 2024, guguwar rana da ta kai matakin G5, mafi girma a ma'auninta, irin wadda rabon da a gani tun 2003. An ga hasken har Florida da Meziko da tsibiran Kanari, kuma ja suka fi gani, don daga nesa suke hango saman labulen, koren yana ɓoye a bayan gantsarewar duniya. Mu nan Alberta ta Kanada a kanmu ya tsaya. Da idona na ga kore da ja, ban buƙaci allo ba. Subhanallah. Wanda ya tarar da dare mai rauni zai ce toka ce, wanda ya tarar da mai ƙarfi zai ce launi ne, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa.

Ɗan Sikotilan:
Anti da Yaya Injiniya, na gode, na karɓi wannan. Launin gaskiya ne. To amma hotunan da sama ke zama shunayya daga gabas har yamma, dusar ƙanƙara ma ta koma kore, duwatsu suna ƙyalli? Wannan ma oksijin ce? A kwamfuta ake dafa su, kowa ya sani.

Hajiya Mai Zane:
Ni fa ina ƙara launi, ban taɓa ɓoyewa ba. Duk wanda ya buɗe hoton RAW ya san yadda yake fitowa, a dushe, ba armashi. Dole a taɓa shi. Kuma wanda ya ce shi ba ya taɓawa, wayarsa ta riga ta taɓa masa ba tare da ta nemi izini ba. Tana ɗaukar hotuna da yawa ta haɗa, ta goge tsaki-tsakin, ta ɗaga launi, sannan ta miƙo masa. Babu hoton dare da ya fito ba a sa masa hannu ba. Ni abin da na ji a raina lokacin da nake tsaye a wurin shi nake son mai kallo ya ji. In sai na ƙara shunayya zai ji, zan ƙara. Ba rahoton kotu nake rubutawa ba.

Baba Mai Kyamara:
Hajiya, rabin maganarki na yarda da ita. Babu hoton da ba a taɓa ba, wannan haka yake. Ni ma ina gyara. Ina saita ma'aunin launi tsakanin 3500 da 4000, don in aka bar wa kyamara zaɓi sai ta rikice da yawan koren, hoto ɗaya ya fito rawaya na gaba ya fito shuɗi. Ina rage tsaki-tsaki, ina ɗan ɗaga ƙasa don a ga itatuwa. Duk wannan fito da abin da ya shiga kyamara ne.

Inda muka rabu shi ne kawo abin da bai shiga ba. A ja koren gefe a mayar da shi shunayya, ko a ɗauko saman wani dare a ɗora kan dutsen wani gari. In za ki yi, ki yi, hannunki ne, amma ki rubuta a ƙasa cewa zane ne. Don wanda ke kallo bai san ke mai zane ba ce. Shi gani yake ga abin da ke jiransa in ya je, sai ya tara kuɗinsa kamar yaron nan ya tafi, ya dawo da ɓacin rai, ya kuma raina wani abu mai girma da Allah ya halitta saboda bai kai hotonki ba. Wannan asarar ce ke ci mini rai, fiye da ta kuɗin.

Ni a ƙarƙashin kowane hoto nakan rubuta layi ɗaya: sakan nawa, ISO nawa, da abin da ido ya gani. Misali, sakan 8, ISO 3200, ido ya ga farin baka mai ɗan kore, jan saman kyamara kaɗai ta gan shi. Bai rage wa hoton kyau ba ko kaɗan.

Kuma akwai wata ɓatar da gaskiya da ba a cika magana a kanta ba, ta fi ta launi. Doguwar shata. Abin da ke sa tsigar jiki ta tashi a hasken nan motsinsa ne, da siraran sandunan da ke tsattsaye cikin labulen suna gudu gefe guda. Sakan 25 na shafe su duka ya bar dunƙulen kore. Mutum bai ƙara komai a kwamfuta ba, amma abin da ya nuna ba shi ne ya faru a sama ba. Gara hoto mai tsaki-tsaki na sakan 2 da sandunansa a tsaye.

Hajiya Mai Zane:
Baba, rubuta layin ba zai gagare ni ba, zan fara. Amma ban yarda laifin ɓacin ran matafiya a kaina yake ba. Masu sayar da tikitin bas su ya kamata su faɗa wa mutum gaskiya kafin su karɓi kuɗinsa.

Ɗan Sikotilan:
Hajiya, ai da hotuna irin naku suke tallar.

Autan Zaure:
Manya ku yi haƙuri in katse. Ni ina Oulu ta Finlan, waya kawai gare ni, zan iya kuwa? Sannan manhajar da na sauke kullum Kp 2 take nuna mini, sai in koma in kwanta. Sai nawa ake fita?

Injiniyan Alberta:
Auta, waya na yi, in ka kafa ta. A hannu yanayin dare na iPhone 'yan sakanni yake ba ka, amma in ta ji ba ta motsi, a kan ƙafa-uku ko jingine da wani abu, takan kai sakan 30. Ba dole ka yi amfani da 30 ɗin ba, maganar Baba ta shafe ka, in hasken na gudu ka rage. Masu Pixel su kula, yanayin ɗaukar taurari kan ɗauki wajen minti 4, yana da kyau ga taurari amma yana markaɗe labulen. Ka kashe filasha, ka yi amfani da babban lensin wayar, shi ya fi shan haske.

Kp kuwa, ya kwantar da mutane da yawa a daren da bai kamata ba. Ma'auni ne daga 0 zuwa 9 wanda Julius Bartels ya fito da shi a 1949, cibiyar bincike ta Potsdam a Jamus ke lissafa shi daga tashoshi 13. Matsakaicin rikicewar maganaɗisun duniya baki ɗaya yake nunawa, na kowane awa 3. Bai san abin da ke faruwa a kan rufinka cikin minti 10 masu zuwa ba. Abin da yake nunawa shi ne yadda zoben hasken da ke kewaye da ƙuryar arewa ya faɗaɗa zuwa kudu. Ƙanwarmu ta Tromso, kusan digiri 70 arewa da tsakiyar duniya, a ƙarƙashin zoben take zaune, Kp 1 ko 2 ya ishe ta. Kai a Oulu kana ɗan kudu da shi, da Kp 2 za ka iya hango shi ƙasa-ƙasa ta arewa in ka fita daga fitilun gari. Ɗan'uwanmu na Sikotilan shi ne yawanci sai ya jira wajen 5. Kuma zoben ba kan ƙuryar duniya ya zauna daidai ba, ya karkato ɓangaren Kanada. Shi ya sa Yellowknife, digiri 62, ke ƙarƙashinsa, Oslo kuwa da ke digiri 60 tana can nesa da shi.

Abin da na fi dubawa shi ne Bz. Akwai taurarin ɗan'adam a nisan kilomita miliyan 1.5 tsakaninmu da rana, iskar rana, wato ƙwayoyin nan da take fesowa, na ratsa su kafin ta iso mu. Suna auna inda maganaɗisun da ke cikinta ya fuskanta. In ya fuskanci kudu, wato lambar Bz ta koma ƙasa da sifili ta kuma daɗe a can, ƙofa ta buɗe, ƙarfin na shigowa. Daga can zuwa nan tsakanin minti 30 ne da awa ɗaya gwargwadon gudun iskar. Cibiyar hasashen yanayin samaniya ta hukumar NOAA a Boulder ta Amurka na wallafa wannan kyauta, shafin SpaceWeatherLive ma haka.

Sai haƙuri. Yawanci tsakanin 10 na dare da 2 ake cin kasuwar. Syun-Ichi Akasofu na Jami'ar Alaska ya bayyana tsarin tun 1964: baka na kwance shiru, sai gefe ɗaya ya yi haske, sai ya fashe ya cika sama yana gudu, bayan nan ya lafa ya bar faci-faci masu kunnawa da kashewa. Fashewar kan yi minti 10 zuwa 30 ne kawai. Wanda ya ga bakan ya ce wannan ne duka ya koma mota, ya bar abin da ya fito nema.

Baba Mai Kyamara:
In ƙara kan na Injiniya: gajimare ya fi Kp da Bz iko. Hasken na sama da kilomita 100, gajimare na ƙasa, in ya rufe shi kenan. 'Yata, ki riƙa duba taswirar gajimare ta Yr, shafin hasashen yanayi na Norwe, kafin komai. Bakin teku irin Tromso akwai laima, shi ya sa za ki ga masu nema suna tuƙi zuwa Skibotn, har Kilpisjarvi cikin Finlan, inda duwatsu suka tare hadarin. Abisko ta Suwidin ma da wannan ta yi suna. Kuma lokacin da kika yi tambayar nan yana da kyau, wajen ƙarshen Satumba da ƙarshen Maris maganaɗisun duniya ya fi saurin karɓar iskar rana. Ga shi tafkuna ba su daskare ba, za ki samu hasken a sama da cikin ruwa.

Ɗalibar Tromso:
Baba na gwada jiya, Allah ya saka da alheri! Taurari sun tsuke, har sandunan sun fito a sakan 3. Kuma na ajiye waya a aljihu na tsaya cikin duhu kamar yadda Anti ta ce, da ya fashe na ga koren da idona, sai dai bai kai na kyamara kauri ba. Saura abu biyu. A tsakiyar kowane hoto akwai wasu zobba, ɗaya cikin ɗaya. Sannan batir ya mutu da wuri, da na shigo ɗaki kuma kyamarar ta jiƙe sharkaf.

Baba Mai Kyamara:
Madalla 'yata. Zobban, akwai filta a gaban lensinki, irin wadda ake ɗaurawa don kare gilashi. Ki kwance ta. Koren nan zango ɗaya tak gare shi, in ya shiga tsakanin fuskokin filtar sai ya yi ta komawa yana karo da kansa, shi ne zobban. Ba sa goguwa da sauƙi a kwamfuta, cirewa ce maganin.

Batir ba mutuwa ya yi ba, sanyi ne ya kama shi. Ki tafi da biyu, ɗaya a aljihun ciki kusa da jiki, ki riƙa musanyawa. Wanda ya ce ya ƙare, in ya ji ɗumi zai farfaɗo.

Jiƙewar ce abin tsoro, don ba waje kaɗai take yi ba, har cikin lensi. Kafin ki shiga ɗaki ki cire katin da batir, ki sa kyamara cikin leda ki ɗaure tun a waje, ki bar ta awa ɗaya ko biyu ta huce a hankali. Raɓar sai ta kwanta kan ledar. A waje kuma kada ki yi numfashi kusa da gilashin, in sanyi ya tsananta nan take yake daskarewa a kai. Ki kuma rage hasken allon kyamara, don cikin duhu yakan nuna hoto ya yi haske alhali bai yi ba. Jadawalin haske da kyamara ke zanawa shi ne abin dogaro, ki kula kada koren ya buge bangon dama.

Shugaban Zaure:
Jama'a, in sa baki kan lafiya. Kada kowa ya tsayar da mota kan titi cikin duhu don hoto, a nemi wurin fakin na gaskiya, a sa riga mai ƙyalli. Kada a hau ƙanƙarar tafki ba tare da an tambayi 'yan wurin ba. A bakin teku ruwa na tasowa cikin dare, a duba lokacinsa kafin a kafa ƙafa-uku kan duwatsu. Ƙarfe mai sanyi na kama fata, a sa siririyar safar hannu ƙarƙashin mai kauri. A faɗa wa wani inda za a je. In kuma akwai wasu masu ɗauka a wurin, a kashe fitilun mota, a yi amfani da jar tocila. Farar tocila ɗaya na lalata hoton kowa da ganin kowa.

Injiniyan Alberta:
Ranka ya daɗe, an ji. Ina so in koma kan maganar Baba da Hajiya, don akwai wani dalili bayan na matafiya. Hoton ɗan koyo kan zama hujjar kimiyya. A nan Alberta, 'yan wani zauren Facebook mai suna Alberta Aurora Chasers sun daɗe suna ɗaukar wani siririn zare mai launin shunayya da ke miƙewa daga gabas zuwa yamma, kudu da inda hasken ya saba tsayawa. A 2016 suka nuna wa masana, ciki har da Eric Donovan na Jami'ar Calgary. Da aka haɗa lokaci da wurin hotunan da bayanan tauraron Swarm na hukumar sararin samaniyar Turai, aka tarar da wani kogin iska mai zafi a tsayin kilomita 300, yana gudun wajen kilomita 6 a sakan. Shi ne aka sa wa suna STEVE. An wallafa binciken a 2018 ƙarƙashin jagorancin Elizabeth MacDonald ta NASA, da sunayen wasu daga cikin masu hoton a jerin marubuta. Da a ce shunayyar nan a kwamfuta aka saba ƙara ta, wa zai tsaya ya saurare su?

Baba Mai Kyamara:
Haka aka yi a nan Finlan. Masu sha'awa suka ga wasu layuka kore a jere waɗanda ba su shiga kowane rukuni da aka sani ba. Farfesa Minna Palmroth ta Jami'ar Helsinki ta nemi su ɗauka daga wurare daban-daban a lokaci guda. Cikin Oktoban 2018 aka samu hotuna biyu na lokaci ɗaya daga garuruwa biyu, aka yi amfani da taurarin da ke bayansu aka gano layukan na tsayin kilomita 100. An wallafa a 2020. Kuma dabarar tsohuwa ce. Carl Størmer na Norwe tun 1910 yake kafa kyamarori a tashoshi biyu, mataimakansa na kan tarho, a danna tare, da haka aka san tsayin hasken tun farko. Abin da ya sa ta yi aiki a wancan lokacin da yanzu ɗaya ne, lokacin daidai ne, wurin sananne ne, ba a kuma taɓa taurarin ba.

Hajiya Mai Zane:
To wannan hujjar ta fi shiga ta. Zan riƙa ajiye RAW ɗin yadda yake, in wallafa nawa zanen da bayaninsa. Ƙara launi dai ban daina ba.

Ɗan Sikotilan:
Ni har yanzu ina nan kan cewa mafi yawan abin da ke yawo a intanet ya wuce gona da iri. Amma zan sake gwadawa, wannan karon a nan gabar arewa, ba bas ba jagora. Yaya Injiniya, na sa AuroraWatch ta Jami'ar Lancaster a wayata, ta wadatar?

Injiniyan Alberta:
Ta wadatar a ƙasarku, don daga na'urorin da ke nan Birtaniya take aunawa, ba matsakaicin duniya ba. Ka nemi wurin da arewa ke buɗe har bakin ruwa, ba gari a gabanka. In ka ga wani haske-haske kana shakka, ka ɗauka da waya sakan 3. Gajimaren da fitilar gari ta haska fari ko rawaya zai fito, kuma yana rufe taurari. Hasken arewa kore zai fito, taurari na leƙowa ta cikinsa. Da ka tabbatar, ka mayar da wayar aljihu.

Ɗalibar Tromso:
Baba, in wata ya cika a haƙura da fita? Kuma yaya zan tabbatar lokacin da ke jikin hotunana daidai ne?

Baba Mai Kyamara:
Ki fita. Wata na dushe mai rauni, amma mai ƙarfi bai damu da shi ba, kuma zai haska miki duwatsu da dusar ƙanƙara kyauta. Ki sauke ISO zuwa 800 ko 1600, ki ba watan baya ko gefe. Agogo kuwa, ki saita na kyamara da na waya har zuwa sakan, kafin kowace fita, don na kyamara kan zame a hankali. Ki ɗauki hoto ɗaya da waya a wurin don ta riƙe miki inda kika tsaya. Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya a Norwe, wayarki za ta canza da kanta, kyamarar ba za ta canza ba. In kina so ki huta da wannan, ki sa ta kan lokacin UTC, agogon duniya da ba a matsar da shi, ki bar ta a can, da shi masu binciken ma suke aiki.